Wa Ya Yanka Filayen Kano? Daga Igiyar Mai Unguwa zuwa Sa Hannun Gwamna

A shekarar 1908 wani kwamiti ya zauna a Landan domin yanke hukunci a kan gonakin mutanen da ba su ma san da zamansa ba. Gwamnan Arewa na lokacin, Percy Girouard, shi ya matsa aka kafa shi, aka saurari turawan mulki da suka yi aiki a lardunan Arewa, aka tambaye su abu guda: ƙasar nan ta wa ce? Amsar da kwamitin ya tsayar ta zama doka a 1910. Duk ƙasar Arewa, wadda ake nomawa da wadda ke daji, ta koma ƙarƙashin ikon Gwamna, zai riƙe ta amana domin amfanin 'yan ƙasa, kuma babu mallakar da za ta inganta sai da yardarsa. Tun a Maris 1903 Lugard ya riga ya shaida wa manyan Sakkwato cewa ikon da Fulani suka samu da yaƙi, har da na ƙasa da na haraji, ya dawo hannun Ingila. Dokar 1910 ta zo ta sa wa wannan magana hatimi ne kawai.

Amma Gwamna yana Zungeru, daga baya Kaduna, gona kuwa tana Kumbotso. Wanda manomi ya sani shi ne dagaci. Kafin zuwan Turawa ma haka abin yake. Baƙo ya sauka a gari, mai unguwa ya kai shi wurin dagaci, a nuna masa daji ya sare, ya riƙa biyan kuɗin ƙasa. In ya tashi ya bar garin, gonar ta zama saura, dagaci ya ba wani. Shi ne ya san inda burtali ya bi, da inda mashaya take, da hurumin gari, da filin da aka ajiye don maƙabarta. Ba shi da taswira, amma ya san wace kuka ce iyakar wane da wane. Malamai kuma ba su bar abin kara zube ba, domin Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum ke samun haƙƙi a kan ƙasa. Rigimar da ta fi ƙarfin dagaci da hakimi kuwa sai majalisar Sarki.

Turawa ba su rushe wannan tsari ba, sun ɗaure shi ne da haraji. A zamanin Sarki Abbas aka fitar da hakimai daga birni, kowa ya koma ya zauna a gundumarsa, aka kuma fito da awon taki, inda malamai ke bin gona suna ƙirga takunsu don a san abin da za a ɗora wa mai ita. Daga baya En'e ta Kano ta kafa ofishin safiyo nata, wanda ya zana gonakin gundumomin da ke kewaye da birni ɗaya bayan ɗaya da sunayen masu su. Aiki ne na ban mamaki, kuma 'yan ƙasa ne suka yi mafi yawansa. Sai dai an yi shi ne don a san wa za a bi bashin haraji, ba don a san inda titi zai bi ba idan gari ya iso.

Tsara gari na takarda a wajen ganuwa aka fara shi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta buɗe kasuwa, kamfanoni suka nemi filin kanti kusa da tasha, ma'aikata daga Kudu suka nemi wurin kwana, aka yanka musu Sabon Gari wajen 1913. Dokar garuruwa ta 1917 ta kasa biranen Najeriya aji uku. Legas kaɗai ce a aji na ɗaya, Kano da Kaduna da Zariya suna na biyu. A irin wannan gari bature guda ne hukuma, yana da 'yan majalisar da ke ba shi shawara, in ya ga dama ya ɗauka. Shi ke ba da fuloti, shi ke amincewa da zanen gini, shi ke tura duba-gari. Tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa kuma aka ce a bar fili mai faɗin yadi 440 babu gini, wai don kada sauro ya kwaso zazzaɓi ya kai wa bature. Duk mai son ganin sakamakon wannan doka ya dubi miƙaƙƙun titunan Sabon Gari da manyan filayen Nasarawa, sannan ya shiga lungunan cikin birni, inda Sarki da masu unguwanninsa suka ci gaba da abinsu. Gari ɗaya, hukuma biyu, kowace da nata ma'aunin.

A 1946 aka yi dokar tsara birni da karkara, wadda aka kwaikwayo daga ta Ingila ta 1932. Ita ta ba da damar kafa hukumar tsarawa ta musamman ga wani yanki. Kano ta samu tata a farkon shekarun 1960, kuma ita ta ɗauko B. A. W. Trevallion ya zana yadda birnin zai bunƙasa daga 1963 zuwa 1983. Kaduna ma ta samu nata tsarin daga Max Lock a 1967. Waɗannan littattafai ne masu kyau, har yau ɗaliban jami'a na karanta su. Matsalarsu ita ce mutane sun fi takarda sauri. Kano ta zama babban birnin jiha a 1967, kuɗin mai ya shigo, farin shekarun 1970 ya koro mutanen karkara, masana'antun Bompai da Sharaɗa suka ja lebura, sai lissafin bature ya tashi a banza tun wa'adinsa bai cika ba.

A daidai wannan lokaci ne kuma aka yi wa masu sarauta fiffike. An karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran, sannan a ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta fito da dokar amfani da ƙasa. Ga mutanen Kudu wannan girgizar ƙasa ce. Ga Arewa kuwa tsohuwar dokar 1910 ce, wadda gwamnatin Sardauna ta sabunta a 1962, aka shimfiɗa ta a kan Najeriya baki ɗaya.

Ya kamata a tsaya a kan rabon aikin da wannan doka ta yi, domin a nan ne igiyar ta cukurkuɗe. Ƙasar birni tana hannun gwamna, ta karkara tana hannun ƙaramar hukuma. Kowace jiha za ta kafa kwamitin rabon filaye, wanda dole a samu ƙwararru biyu a harkar filaye da lauya guda a cikinsa, ya riƙa ba gwamna shawara a kan rabo da sake tsugunar da waɗanda aka tasa, ya kuma raba gardamar diyya. Kowace ƙaramar hukuma ita ma za ta samu nata kwamitin ba da shawara. Tana da ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya, har hekta 500 don noma, hekta 5,000 don kiwo. A ido kamar an yi raba-daidai. To amma wa ke faɗin inda birni ya tsaya, karkara ta fara? Gwamna. Wa ke naɗa 'yan kwamitin ƙaramar hukumar? Gwamna, bayan ya tuntuɓe ta. Yana kuma iya ba da tasa takardar a ko'ina, birni ko ƙauye, yana iya soke ta kowa idan ya ce jama'a na bukatar wurin, diyya kuwa ta abin da aka gina ko aka shuka ce, ba ta ƙasar ba. Da zarar an shelanta cewa kewayen Kano birni ne, shugaban ƙaramar hukumar Ungoggo ko Kumbotso ya zama ɗan kallo a gonakin da ke bayan sakatariyarsa. Dagaci da mai unguwa kuwa ba a ba su ikon raba ko taku ɗaya ba. Aka kuma ɗinke dokar a cikin tsarin mulki na 1979, aka sake a na 1999, yadda gyara ta sai an bi doguwar hanyar gyaran tsarin mulki.

Abin da ya biyo baya kowane Bakano ya san shi. Manomin da ke bakin gari ya fahimci cewa in ya jira gwamnati ta zo, kuɗin dawa da na bishiya za a ba shi. Sai ya riga ta. Ya kira dillali, aka kawo igiya, aka yanka gonar fuloti-fuloti, aka bar 'yar hanyar da amalanke zai wuce da ƙyar, mai unguwa ya zo ya shaida, aka rubuta takardar ciniki ya buga hatiminsa. Wannan shi ne awon igiya, kuma da shi aka gina yawancin Kurna da Bachirawa da Rimin Keɓe da Ɗorayi da Sheka. Masu tsara birni suna ambatonsa da ƙyama, suna kuma da hujja: ba magudanar ruwa, ba filin makaranta, ba inda motar kashe gobara za ta shiga, kududdufan da ke shanye ruwan sama an cike su an yi gini. Amma a faɗi gaskiya, da talakan Kano zai jira awon gwamnati da sa hannun gwamna, da har yau yana gidan haya. Mai unguwar da doka ta cire shi ne ya ci gaba da aikin, sai dai yanzu ba wanda ya ɗora masa alhakin barin hanya, ba wanda ya ba shi taswira, kuma in ya sayar da burtali ba littafin da zai tona shi.

Gwamnatin Babangida ta yi ƙoƙarin gyara da dokar tsara birane ta 1992. Ta tanadi hawa uku: hukuma a tarayya, hukuma a jiha, da hukumar tsarawa a kowace ƙaramar hukuma, wadda za ta zana tsarin yankinta ta kuma kula da izinin gini. Hawa na ukun nan a yawancin jihohi bai wuce takarda ba. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta ce tsara gari hurumin jihohi ne, sai abin ya ƙara tattaruwa a ofishin gwamna. A Kano hukumar jihar ta yi ta sauya suna, daga hukumar raya birane zuwa KASEPPA zuwa KNUPDA, ita ce kuma mai jan fenti da katafila. Ƙananan hukumomi takwas da ke cikin ƙwaryar birnin an bar musu abin da tsarin mulki ya lissafa: kasuwa, tasha, mayanka, maƙabarta, raɗa wa titi suna da sa wa gida lamba.

Ita kanta takardar da ta fito daga sama ba kullum take kare mai ita ba. A watan Yuni 2023, kwanaki kaɗan bayan sabuwar gwamnatin jihar Kano ta kama aiki, katafila ta rushe gine-ginen tsohon otal ɗin Daula da shagunan Filin Idi. Gwamnati ta ce wadda ta gabata ta cefanar da filayen jama'a ba bisa ƙa'ida ba, 'yan kasuwar suka ce da takardun hukuma suka gina, suka garzaya kotu.