Tukunyar Samaru da Hoton Sankarar Mafitsara

A watan Fabrairun 2004 aka kunna tukunyar nukiliya ta farko a Najeriya, a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, maƙwabciyar Basawa. Ƙirar ƙasar Sin ce, mai ƙarfin kilowat 30 a lokacin, kuma aikinta bincike da koyarwa. Duk da kusancinta, ba za ta iya samar wa dattijon Basawa mai sankarar mafitsara sinadarin ɗaukar hoton ƙashinsa ba. Dalilin yana cikin tarihin hoton kansa.

Wannan sankara tana kama furostet, ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kuma idan ta bazu ƙashi take yawan nufa. Wanda cutarsa ke wuri guda ana iya yi masa tiyata ko gashi, wanda tasa ta yaɗu kuwa wani magani yake bukata. Hoto ne ke raba gardama: a yi wa majiyyaci allurar sinadari mai fitar da tururin nukiliya, ya taru inda cutar take, kyamara ta kama.

Hal Anger ne ya ƙera irin wannan kyamara a Berkeley ta Amurka a 1957. A 1958 masana a Brookhaven suka samo hanyar tatsar sinadarin teknishiyam daga molibdinam, kuma daga 1971 aka fara haska ƙashi da shi. Sai dai abin da yake nunawa shi ne inda ƙashi ke gyara kansa, don haka tsohuwar karaya da amosanin gaɓɓai ma sukan haska tamkar sankara.

Mafita ta zo daga wani furotin mai suna PSMA, wanda ke da yawa a jikin ƙwayoyin wannan sankara, aka kuma gano shi a 1987. Maganin farko da aka gina a kansa, ProstaScint na 1996, hotonsa dishi-dishi ne. A wajejen 2012 masu bincike a Heidelberg ta Jamus suka haɗa galiyam 68 da sinadarin da ke manne wa furotin ɗin, suka ɗauki hoto da na'urar PET. Wani gwaji na Ostireliya da aka wallafa a 2020 ya nuna sabuwar hanyar ta dace kashi 92 cikin ɗari, tsohuwar kuwa kashi 65.

Babban abokin gābar hoton shi ne lokaci. Molibdinam yana rasa rabin ƙarfinsa cikin sa'o'i 66, teknishiyam cikin sa'o'i 6, kuma gwargwadon raguwar tururi, gwargwadon dushewar hoto. Manyan tukwane kaɗan ne ke samar da molibdinam a duniya, irin SAFARI-1 ta Afirka ta Kudu, wadda ta ninka ta Samaru ƙarfi kimanin sau 600. Shi ya sa cibiyoyin Najeriya, kamar ta Ibadan da aka buɗe a 2006, suka dogara da odarsa daga waje, inda kowace kwana a hanya asara ce.

Galiyam ya fi gaggawar ƙarewa, domin rabinsa na tafiya cikin minti 68. Amma ana tatsarsa daga jamaniyam, wanda sai ya kwana 271 kafin ya rasa rabi, don haka tulunsa kan yi watanni yana aiki a cikin asibiti. Ke nan hoto mai kaifi ba ya jiran babbar tukunya. Abin da yake jira shi ne na'urar PET, wutar lantarki tsayayya, da ƙwararrun da suka iya riƙon sinadari mai haɗari. Wannan na ƙarshe Samaru ta daɗe tana renonsa: a 2018 masananta, tare da abokan aiki na waje, suka sauya wa tukunyar makamashi zuwa yuraniyam mara ƙarfi, aka mayar da tsohon zuwa Sin.