Makon Da Aka Tare Hanyar Kurmi, Tumatir Ya Kasa Jira

Wani manomin rani daga Ajingi ya aiko mana da tambaya: me ya sa har yau kayan gwarinmu ke tafiya Ikko cikin kwanduna a bayan buɗaɗɗiyar mota, alhali a wasu ƙasashen motocin sanyi ke wannan aiki?

Motar sanyi dai ta daɗe a duniya. A 1938 wani baƙar fatar Amurka, Frederick Jones, wanda ya koya wa kansa kanikanci, ya ƙera na'urar sanyaya kaya da ake ɗaura wa babbar mota, daga nan kamfanin Thermo King ya samo asali a jihar Minesota. A can ƙuryar arewacin duniya, irin su Alaska da Kanada, inda direba zai ci ɗaruruwan kilomita a kan ƙanƙara bai ga gari ba, idan sanyi ya tsananta ɗumama kaya na'urar take yi, don kada ayaba da latas su daskare. Mu kuwa hunturu muka jingina da shi. Tumatirin Kadawa da Kura da fadamun kogin Wudil yana cika kasuwa ne a watannin sanyi, a yi lodi a Kwanar Gafan, direba ya raba dare yana tuƙi, ya cinye kilomita wajen 1,000 kafin kayan su narke.

Kakanninmu ma da dabara suka yi. Fataken Gwanja sukan yi watanni da goro a kan jakuna, an nannaɗe shi da ganye cikin huhu, ana kwancewa a tsince ruɓaɓɓe, a yayyafa ruwa a sake ɗaurewa. Alhassan Ɗantata ya gajarce wa kansa hanya, ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga Ankara ta Gana zuwa Ikko. Layin dogo ya iso Kano a 1911, daga baya manyan motoci suka ƙwace masa ciniki. Duk cikin waɗannan sauye-sauye gudu aka ƙara, ba a ƙara wa kayan kwana ba.

Watan Fabrairun 2021 ne ya tona asirin wannan tsari. Rikici ya ɓarke a kasuwar Shasha da ke Ibadan, aka rasa rayuka, aka ƙona rumfuna. Ƙungiyar masu fataucin kayan abinci da dabbobi ta ƙasa ta nemi diyya da kariya ga 'ya'yanta, da ta ji shiru sai ta hana kai kaya Kudu a ƙarshen watan. Aka riƙa tsayar da tireloli a Jebba, bakin gadar Neja. A farkon Maris aka janye, bayan zaman sulhu da gwamnan Kogi na lokacin, Yahaya Bello, ya shiga tsakani.

Har yanzu baki bai zo ɗaya ba kan wanda ya ji jiki. Masu goyon bayan matakin na cewa Kudu ta gane kurenta: farashin tumatir da tattasai da nama ya yi tashin gwauron zabi a Ikko, kasuwar Mile 12 ta yi fayau, kuma cikin kwanaki kaɗan manya suka nemi a zauna. Wannan gaskiya ne, ba mai musu. Sai dai masu wannan magana yawanci ba su da kwando ko ɗaya a gona. Mai shanu a karar Wudil zai iya mayar da dabbobinsa gida ya jira wata Juma'ar. Mai masara da wake ya kulle sito ya kwanta. Manomin tumatir fa? An yi abin ne a tsakiyar kakarsa, kayan da aka nufi Kudu da su suka dawo suka jibge a kasuwannin Arewa, farashi ya faɗi warwas, wasu suka koma yankawa suna shanyawa a ƙasa. A ganina mai saye a Ikko ya yi mako guda yana miya da tumatirin gwangwani, shi kuwa mai bashin taki da man injin ban ruwa ya shekara yana biya. Yajin aiki na mai ikon ajiye kayansa ne, kuma ba mu da wurin ajiyar.

Abin da ya biyo baya, da wanda ya gabata, duk gajere ne. Kamfanin tumatir na Ɗangote a Kadawa ya buɗe a 2016, shekarar da tsutsar tumatir ta cinye gonaki, ya yi ta buɗewa yana rufewa. An shigo da kwandunan roba, an kafa ƙananan ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a wasu kasuwanni. Motar sanyi kuwa tana son ɗakin sanyi inda za ta ɗauka da inda za ta sauke, tana son wutar da ba ta ɗaukewa, ga na'urarta na shan nata man dizal ban da na inji. Kwandon tumatir ba ya iya biyan wannan. Motocin sanyin suna bin hanyar, amma daga tashar jiragen ruwan Ikko suke tasowa, ɗauke da kifin ƙanƙara na ƙasashen waje zuwa ɗakunan sanyi na Kano.