Asbestos a Wuraren Aiki: Daga Jiragen Yaƙi zuwa Rufin Gidajen Zariya

Asbestos ma'adini ne da ake haƙowa daga dutse, wanda idan aka farfasa shi yake warwarewa zare-zare kamar auduga. Wuta ba ta cinsa, ba ya ruɓewa, yana tare zafi, ga araha. Iri uku aka fi ciniki: fari, shuɗi da mai ruwan ƙasa. An fara haƙarsa gadan-gadan a lardin Kwibek na Kanada a ƙarshen shekarun 1870, sannan Rasha da Afirka ta Kudu da Rodeshiya ta Kudu, Zimbabuwe ta yau, suka bi sahu.

Illarsa tana cikin ƙurar da ke tashi idan an yanka shi, ko an goge, ko an fasa. Zaren da ke cikinta ido ba ya ganinsa. In ya shiga huhu ya zauna ke nan. Yana haddasa ƙeƙashewar huhu, da sankarar huhu, da sankarar tantanin da ya lulluɓe huhu, wadda likitoci ke kira mesotiliyoma. Ciwon kan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ya bayyana, kuma wannan jinkiri ne ya daɗe yana rufa wa masu masana'antu asiri.

An san haɗarin tun da wuri. A 1898 Lucy Deane, mai duba masana'antu a Ingila, ta yi gargaɗi a kan ƙurar. A 1924 Nellie Kershaw, ma'aikaciyar masaƙar asbestos a Rochdale, ta rasu, binciken gawarta ya zama shaida a mujallun likitanci. Ingila ta kafa dokar rage ƙura a 1931, amma ba ta shafi yawancin masu naɗa asbestos a bututu da tukwanen tururi ba. Su kuwa aka fi jibga wa ƙurar a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da mutum kusan miliyan huɗu da rabi suka yi aiki a maƙeran jiragen ruwa na Amurka. Jirgin yaƙi ba abin da yake tsoro kamar gobara, don haka aka naɗe bututu da injuna da asbestos, a ɗakunan ƙasa da iska ba ta kewayawa. Matuƙa suka kwana cikinsa, mata suka shaƙa wajen kakkaɓe tufafin aikin mazajensu. A 1955 Richard Doll ya tabbatar da alaƙarsa da sankarar huhu. A 1960 J. C. Wagner ya ba da rahoton mutum 33 masu mesotiliyoma a Afirka ta Kudu, wasunsu ko haƙa ba su taɓa yi ba, maƙwabtaka da mahaƙa kawai. A 1964 Irving Selikoff ya nuna yadda yake kashe masu naɗa bututu a Amurka.

Abin takaici, a daidai waɗannan shekaru kasuwarsa ta buɗe a Nijeriya, cikin siminti. An kafa kamfanin da ya zama Nigerite a Ikeja a 1959, aka bi da Emenite a Inugu, da Eternit a Safele, da Giwarite a Kano, da wata masana'anta a Bauci. Fallayen rufi da silin da bututun ruwa na siminti mai asbestos suka cika barikokin soja, makarantu, asibitoci da gidajen ma'aikata daga shekarun 1960 zuwa 1980.

Zariya ba ta da teku, amma ta tara irin wuraren da kayan suka fi shiga: reluwe da ya iso a 1911, a zamanin da ake lulluɓe tukwanen jiragen ƙasa masu kwal da asbestos, defon horar da kuratan soja, Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. Cikin ganuwa, a unguwanni irin su Ƙofar Galadima, ginin gargajiya na ƙasa ne da azara, babu ruwansa da wannan ma'adini. Ya shigo ne da aka fara sauke soro ana ɗora kwano, ana buga silin a ƙarƙashi saboda zafi. Daga nan ƙurar ta koma hannun kafinta mai yanka falle da zarto, da lebura mai rushe tsohon silin, da mai gyaran famfo, da bakanike mai hure ƙurar birki da baki. Waɗannan ba su da rajistar aiki, kuma tarin da ya kama dattijo bayan shekara 30 an fi ɗaukarsa tarin fuka ko tsufa.

Ingila ta haramta asbestos gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008, Amurka kuma ta hana farin a 2024. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutuwar sama da mutum 200,000 a shekara sakamakon shaƙarsa a wurin aiki. A Nijeriya, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta tanadi biyan wanda aiki ya jawo wa cuta, sai dai mai aikin hannu da ba ya ƙarƙashin kowane kamfani da wuya ya kai gare ta. Fallen da bai fashe ba ƙurarsa kaɗan ce; masana suna ba da shawarar a bar shi inda yake, ko a jiƙa shi a sauke shi ɗungurungum, ba tare da zarto ko guduma ba.