Shekarar 1912 a Kano: Labarin Jirgin Ƙasa da Gyaɗa

A cikin shekarun da Kano ta yi a hannun Turawa, da wuya a sami wadda ta sāke al'amuran gari kamar shekarar 1912. A sa'an nan Sarkin Kano Muhammadu Abbas, ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi, yana da shekara tara bisa gadon sarauta. An riga an kafa Baitulmali, hakimai da alƙalai sun fara karɓar albashi. A Nassarawa kuwa, bayan ganuwa, inda Sarki ya ke da gida, Mista Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta tun 1909, yana koya wa 'ya'yan sarakuna da malamai boko da lissafi. Wannan wuri ne daga baya ya zama unguwar Turawan mulki.

Kafin wannan zamani fuskar cinikin Kano arewa ta ke duba. Ayarin raƙuma ke zuwa daga Tarabulus da Gadamus da kayan Turai, su koma da fatu da hauren giwa da gashin jimina, tafiyar watanni. Fatake kuwa su bi hanyar Gwanja su kawo goro.

A 1907, zamanin Gwamna Girouard, aka ƙulla shawarar shimfiɗa hanyar jirgi daga Baro, bakin Kwara, zuwa Kano. Ƙarfe ya iso Kano a 1911, aka haɗa shi da hanyar Ikko, sa'an nan a ran 1 ga Afrilu 1912 aka buɗe wa jama'a hanya. Daga Kano zuwa bakin teku mil 700 ne da 'yan kai, tafiyar da ta ke cin makonni ta koma ta kwanaki. Ga shi kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus da yaƙi tun 1911, hanyar hamada ta lalace. Har Larabawan birni suka koma aika kayansu ta Ikko.

Abin da Turawa suka sa rai da shi, auduga. Masaƙun Lankasha a Ingila suna neman inda za su sami auduga ban da Amurka, suna kuwa zaton ƙasar Kano za ta cika musu jirage. Amma lissafin bai fita ba. Masaƙan Kano da marinanta suna sayen auduga da tsada fiye da abin da kamfanin Turawa ya ke biya, saboda haka manomi bai ga dalilin da zai kai tasa kanti ba.

A wannan lokaci kuwa masana'antun Turai sun gano dabarar daskarar da man tsirrai su yi abin shafa wa burodi da shi, suka shiga neman gyaɗa ido rufe. Kamfanoni irin su Niger Company da John Holt da Lagos Stores suka kakkafa kantuna kusa da tasha. Da ya ke ba su san ƙauyuka ba, sai suka nemi attajiran da suka saba da fataucin goro, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, suka ba su kuɗi da haja. Su kuwa suka watsa yaransu cikin ƙauyuka suna gaya wa manoma a shuka gyaɗa, za a saya. A wannan shekara ce kuma Alhassan Ɗantata ya komo gida daga Gwalkwas, shi ne wanda daga baya ya fi kowa suna a wannan ciniki.

Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Manomi ya duba ya ga gyaɗa tana son jigawa, ana shuka ta tsakanin dawa da gero, harawarta abincin dabbobi ce, in kuma ciniki ya ƙi a ci ta a gida, abin da ba a yi da auduga. Ga haraji kuma ya fara komawa na sule maimakon wuri, tilas mai gida ya nemi abin da zai sayar.

Da kaka ta yi, jakuna da raƙuma da takarkarai suka yi ta kwararowa tasha, har jirgi ya kasa kwashewa, buhuna suka yi tsibi a fili. A 1912 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ba ta kai tan 3,000 ba, amma a 1913, da amfanin wannan kaka ya isa teku, ta haura tan 19,000.

Murna ba ta daɗe ba. Daminar 1913 ta yi gardama, hatsi bai yi ba, aka shiga yunwar nan da a ke kira Kakalaba, mutane masu yawa suka mutu, waɗansu suka bar gidajensu. Rashin ruwa ne asalinta, amma ta tarar da rumbuna da yawa ba tanadi, aka ga sule ba ya maganin yunwa in babu hatsi a kasuwa.

Duk da haka Kano ba ta koma yadda ta ke a da ba. A 1913 aka yanka Sabon Gari domin baƙin da jirgi ya kawo. Daga baya dalar gyaɗa ta tashi, kuɗinta ya cika Baitulmali, aka yi famfo da lantarki da asibiti, masana'antu suka kafu a Bompai, sa'an nan Sharaɗa da Calawa. Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka kawar da dalar, En'e kanta aka rushe ta a 1976.

Abin tunawa ga ma'aikaci a cikin wannan labari shi ne, an shirya auduga a ofis, talaka ya shuka gyaɗa a gona, shawararsa kuwa ita ta ɗauki gari shekara sittin. Wanda aka ba amanar jama'a, ya kamata ya ji ta bakin manomi kafin ya sa hannu a takarda, ya kuma tambayi abin da ke cikin rumbu kafin ya ƙidaya abin da ya shiga Baitulmali. Allah ya ji ƙan magabata, amin.