Sunayen Ciwon Teku a Harshen Ingilishi

Kalmar nausea, wadda likitoci masu aiki da Ingilishi ke kiran kowane irin tashin zuciya da ita a yau, ta samo asali ne daga kalmar Girkanci naus, wato jirgin ruwa, ta kuma shiga Ingilishi ta hanyar Latin, abin da ke nuna cewa tsofaffin matuƙan Bahar Rum sun ɗauki jiri da amai da ke kama matafiyi a kan ruwa a matsayin ciwon jirgi. Da ma'anarta ta faɗaɗa har ta haɗa da laulayin mai juna biyu da illar gurɓataccen abinci, sai seasickness, wato ciwon teku, ta zama sunan da aka keɓe wa lalurar matafiya, ko da yake masu son nuna wayewa sukan aro mal de mer daga Faransanci.

Ba abin mamaki ba ne al'ummar Ingila, wadda arzikinta da ƙarfin yaƙinta suka dogara ga teku, ta damu da wannan ciwo, domin bai ƙyale manyanta ba. Admiral Nelson, wanda ya rasu a yaƙin Trafalgar a 1805, ya yi fama da shi tsawon aikinsa, haka ma Charles Darwin a tafiyarsa cikin jirgin Beagle daga 1831 zuwa 1836. Matuƙa kan ce mutum ya sami sea legs, ƙafafun teku ke nan, idan jikinsa ya saba da tangaɗin jirgi har yana tafiya ba ya layi.

Sauyi mafi muhimmanci ya zo ne a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da likita J. A. Irwin ya yi rubutu a mujallar Lancet a 1881 yana danganta ciwon da sashen cikin kunne mai kula da daidaiton jiki, aka kuma soma amfani da motion sickness, ma'ana ciwon motsi. Wannan suna ya fi na baya amfani ƙwarai, domin ya ɗauke hankalin masu bincike daga tumbi da ruwan teku, ya mayar da shi ga motsin kansa, ya kuma haɗa wahalar fasinjan jirgin ruwa da ta fasinjan mota da jirgin sama a ƙarƙashin dalili guda. A kan wannan fahimta ne likitocin asibitin Johns Hopkins na Amurka suka gwada maganin Dramamine a kan sojojin da ke tsallaka Tekun Atlantika, suka wallafa sakamakon a 1949.