Daga ƙwallon goruba zuwa jingar Sialkot

A ƙauyukan da ke tsakanin Bichi da Ɗambatta, inda gona ke manne da gona har ba ka samun fako da damina, filin wasa sai da rani. Ana gama yankan dawa a kwashe kara, yara su kafa duwatsu biyu nan biyu can, shi ke nan an yi raga. Abin da suke bugawa kuwa suna uku gare shi, kuma kowanne da labarinsa.

Ƙwallo ba kalmar wasa ba ce kaɗai. Akwai ƙwallon mangwaro, akwai ƙwallon goruba, wato abin da ya rage bayan an gaigaye. Da na goruba muka fara, ƙafa ba takalmi, har babban yatsa ya fashe a zuba masa ƙasa a ci gaba. Tamaula ita ce ta tsumma, wadda ake cusawa cikin tsohuwar safa a ɗaure tamau. Bal kuwa baƙuwa ce, daga ita har sunanta. Na farko itace ya ba mu, ta biyu mun san yaron da ya ɗaura. Ta ukun ce ba wanda ya taɓa tambayar hannun da ya yi ta.

Hannun yana Sialkot, wani gari a Fakistan da ake ƙiyasta yana fitar da kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwallayen ɗinkin hannu na duniya. Bal irin wadda aka sani tun gasar cin kofin duniya ta 1970 ƙyalle 32 gare ta, 12 masu kusurwa biyar, 20 masu kusurwa shida, ana haɗa su ɗaya bayan ɗaya da allura biyu da zare mai kakin zuma. Gwani ya wuni a duƙe da ƙyar ya gama huɗu ko biyar. Ba a biyan sa kuɗin wuni, ana biyan sa ne kan kowace bal da ya ɗinka.

Manomin ƙasar Kano yana da sunan wannan tsari, jinga. Mun bambanta ta da ƙwadago, inda mutum zai zo da fartanyarsa da hantsi ya tashi da azahar a ba shi kuɗin yininsa, sau da yawa har da fura. Mun bambanta ta da gayya, wadda ba kuɗi a cikinta sai tuwo da kiɗa da ramuwa wata rana. Jinga ciniki ce a kan aikin kansa: nome mini wannan gonar a kan kaza, ko ka gama yau ko jibi. Duk wanda ya tashi a karkara ya san abin da ke biyo baya idan jingar ta yi arha. Mai jinga zai tattaro 'ya'yansa, har da wanda fartanya ta fi ƙarfinsa, don a gama da wuri a kama wata. Mai gona bai ɗauki yaro aiki ba, amma farashin da ya yanka ne ya kai yaron kunya.

Ta wannan ƙofa yara suka shiga ɗinkin bal a gidajen Sialkot. A 1996 mujallar Life ta Amurka ta buga hoton wani yaro ɗan shekara 12 yana ɗinka bal mai tambarin Nike, duniya ta ɗauka. A watan Fabrairu na 1997 aka sa hannu kan yarjejeniya a birnin Atlanta tsakanin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNICEF da ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Sialkot, cewa ba za a ƙara sa ɗan ƙasa da shekara 14 ɗinki ba. Aka kwashe aikin daga gidaje zuwa cibiyoyin da masu sa ido za su iya shiga. Yara sun ragu ƙwarai, amma mata da yawa da ke ɗinki a cikin gida sun rasa sana'arsu. Wannan ya taɓa ni, don na san abin da ɗinkin hula da saƙar faifai suke riƙewa a gidajen kulle.

Yanzu akwai bal mai tambarin Fairtrade, shaidar cewa an biya maɗinki abin da ya dace kuma ba a sa yaro ba. Masu fassara kan ce cinikin adalci. Ba laifi, sai dai ni ban taɓa jin ɗan ƙwadago ya ce a yi masa adalci a bakin gona ba. Cewa yake a ba shi haƙƙinsa, ko guminsa. Haƙƙi ya fi nauyi, don kalma ce mai fuska biyu: abin da mutum ya cancanta, da kuma abin da ke hawa kan wanda ya danne. Shi ya sa ake cewa an ci gumin wane, ake kuma cewa alhaki kwikwiyo ne. Ita ma lada haka take, da ita muke kiran kuɗin aiki, da ita muke kiran sakamakon lahira.

Mu ma an taɓa shafe sunanmu daga aikin hannunmu. Fatar jar akuya da majema suka jeme da bagaruwa suka rina da karan dafi, ayari ya ketara Sahara da ita, ta isa Turai ana kiran ta fatar Maroko, da sunan ƙasar da ta bi ta fita. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ga yawan fatu da takalman da ake fitarwa. Har yau fatun akuyoyin ƙauyukanmu suna bi ta masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa su tafi waje, su zama kaya masu sunan wasu.

Bal ta yanzu ba ta fata ba ce, roba ce, amma idan ta yage wurin baduku ake kai ta ran kasuwa. Zai juya ta ya nemo bakin ɗinkin, ya zare zaren a hankali don kada ya huda robar ciki, ya bi ramukan da allurar wani ta riga ta huda a Sialkot. Yara na tsugune kewaye da shi da kuɗin da suka yi karo-karo, sun riga sun yi ciniki, suna jira ya ƙulle zare su miƙa masa ladan ɗinkinsa.