Sarrafa Leyoyin Zanen Kwamfuta da Jerin Umarni: Nazari a kan Zanen Filaye da Ruwa a Dutsin-Ma da Kurfi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake ƙirƙira da daidaita leyoyi a manhajar AutoCAD ta hanyar rubutaccen jerin umarni, ta kuma auna dabarar da irin zanen da ake buƙata a ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi na jihar Katsina. An kwatanta kayan aiki uku: fayil ɗin SCR, harshen AutoLISP da harshen Python. Nazarin ya nuna cewa amfanin jerin umarni ya rataya ne a kan teburin sunayen da ofisoshi suka amince da shi, kuma sai teburin ya ɗauki abubuwan da ke yankin, kamar burtali da kududdufi, kafin na'ura ta yi aikin da ake so.

Muhimman kalmomi: leya, AutoCAD, AutoLISP, zanen filaye, Dutsin-Ma, Kurfi

1.0 Gabatarwa

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, a garin da dama yake da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, gonakin bayan gari suke ta komawa fulotai da gidajen hayar ɗalibai. Kudu da garin ga madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa, wadda aka kammala a 1983, kuma a Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin samar da ruwan sha daga cikinta. Kurfi kuwa tana kan hanyar da ta haɗa Dutsin-Ma da birnin Katsina. Fuloti, bututun ruwa da titi, kowannensu da zane yake farawa, kuma zanen yakan bi ta hannun safiyo da mai tsara gari da injiniya kafin lebura ya sa diga a ƙasa.

Duk abin da aka zana a AutoCAD yana zaune ne a kan wata leya. Kamar takardu ne masu shara-shara da aka jera wata bisa wata: iyakokin fili a ɗaya, tituna a ɗaya, bututai a wata, mai zane ya ɗaga wadda ba ya so ya bar sauran. Matsalar takan taso ne in zane ya sauya hannu. Safiyo ya sa wa leyar titi ROAD, mai tsara gari ya ce RD, ɗalibin da ke koyon aiki ya rubuta TITI. Da an haɗa fayilolin uku, sai a kashe leyar titi amma rabin titunan su ƙi ɓacewa.

2.0 Waiwaye

Kamfanin Autodesk ya fitar da AutoCAD a Disambar 1982. A Janairun 1986 ya saka mata AutoLISP, wanda aka gina a kan XLISP na David Betz, shi kuma reshe ne na harshen LISP da John McCarthy ya ƙirƙiro a 1958. Daga nan mai zane ya samu damar rubuta wa manhajar umarnin kansa.

Ƙa'idar suna ta biyo baya. Ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Amurka, AIA, ta wallafa jagorar sunayen leya a 1990, aka kuma shigar da ita cikin ƙa'idar zanen kwamfuta ta ƙasar. A tsarinta harafin farko yana nuna fanni: A na mai zanen gini, C na injiniyan tituna da ruwa, V na safiyo, sai haruffa huɗu na abin da aka zana, kamar A-WALL ko C-ROAD. Ƙa'idar ISO 13567 ta 1998 ta wajabta gurabe uku a kowane suna: haruffa biyu na mai alhakin zanen, shida na abin da aka zana, biyu na yadda za a nuna shi.

3.0 Hanyar Bincike

An bi hanyar nazarin ƙa'idojin biyu da kwatanta yadda kayan aikin uku suke gudana, sannan aka auna su da misali na lissafi: zanen sabuwar unguwa mai leya 40, kowace da suna, launi, nau'in layi da kaurinsa. Saiti 160 ke nan a zane ɗaya. In aikin ya kai zane 30, mai zane zai shigar da saiti 4,800 da hannunsa, kuma kuskure ɗaya ya isa ya sa bututun ruwa ya fito da kalar layin wuta a takarda.

4.0 Sakamako da Tattaunawa

4.1 Kayan aiki uku

Fayil ɗin SCR shi ne mafi sauƙi, domin ko a Notepad ana rubuta shi. Mai zane yana jera abin da zai buga da hannu ne kawai, misali -LAYER M C-WATR C 5 C-WATR, sai layi guda da ba komai a kansa don rufe umarnin. Wannan zai ƙirƙiri leyar bututun ruwa ya ba ta launi na 5, wato shuɗi, kamar yadda 1 yake ja, 2 rawaya, 3 kore. Rauninsa shi ne ba ya duba halin da zanen yake ciki. A wurinsa kowace tazara daidai take da danna Enter, saboda haka tazara ɗaya da ta yi yawa a ƙarshen layi takan sake kiran umarnin da ya gabata, duk abin da ya biyo baya ya faɗa gurbin da ba nasa ba.

AutoLISP yana tambaya kafin ya taɓa komai. Da tblsearch yake gano ko leyar tana nan, da wcmatch yake kamo duk sunan da ya fara da ROAD ko RD ko TITI, da ssget yake tattaro abin da ke kansu, sannan entmod ya sauya lambar 8 ta kowane abu, wadda ita ce ke riƙe da sunan leya. In aka ajiye shirin a fayil ɗin acaddoc.lsp, zai tashi da kansa duk lokacin da aka buɗe zane. AutoCAD LT, wadda ta fi araha, ta samu AutoLISP daga fitowar 2024, kuma BricsCAD da ZWCAD suna karanta harshen.

Python, ta hanyar kundin ezdxf na kyauta, yana gyara fayilolin DXF ba tare da an buɗe AutoCAD ba. Ya dace da ofishin da ya tara tsoffin zane masu yawa, ko inda kwamfuta mai lasisi ɗaya ce tak.

4.2 Inda umarni yake tuntuɓe

Wurare huɗu ne suka fi kayar da shiri. Na farko leyar 0, wadda ba ta goguwa kuma ba a sauya mata suna. Abin da aka zana a kanta cikin bulok, wato alamar da ake dasawa a wurare da yawa, yana ɗaukar kamannin leyar da aka dasa bulok ɗin, don haka shirin da ya kwashe komai daga leyar 0 zai ɓata alamomin turakun wuta da na rijiyoyin burtsatse. Na biyu Defpoints, wadda ake gani a allo amma ba ta fita a takarda: in iyakar fili ta faɗa kanta, za a buga zane babu iyaka. Na uku leyar da ake ganin babu komai a kanta amma umarnin PURGE ya ƙi share ta, saboda wani ɗan layi yana ɓoye cikin bulok, inda ssget ba ya leƙawa. Na huɗu zanen da aka jingino daga wani fayil: da an haɗe shi, sunayen leyoyinsa sukan koma irin SAFIYO$0$ROAD, sai shirin ya yanke wannan kan kafin ya gane sunan.

Akwai kuma batun tsaro. A 2012 kamfanin ESET ya bankaɗo ACAD/Medre.A, wata ƙwayar cutar kwamfuta da aka rubuta da AutoLISP, wadda ta riƙa satar zane, akasari daga Peru, tana aikawa da su akwatunan imel a Sin. Inda filas yake yawo tsakanin ofis da shagon buga zane, wajibi ne a kunna saitin SECURELOAD, a kuma taƙaita saitin TRUSTEDPATHS ga babban fayil ɗaya na ofis.

4.3 Teburin sunaye na gida

Ƙa'idojin waje an tsara su ne da biranen Turai da Amurka a zuciya. Mai auna fili a ƙauyukan Kurfi ko gefen Karaduwa zai tarar da burtali da mashayar dabbobi, fadama, kududdufin da aka haƙi ƙasar gini, tsohuwar maƙabarta da filin idi, ga kuma bambancin awon gwamnati da awon igiya. In babu leyar da aka ware wa burtali, zai faɗa cikin layukan hanya, wanda zai yanka fulotai daga baya ya ɗauka turba ce da za a iya karkatarwa. Rikicin manomi da makiyayi yana iya farowa daga irin wannan layi.

Tsarin AIA ya bar ƙofar ƙarin sunaye, don haka ana iya samar da V-PROP-BURT ga burtali da V-SITE-KUDD ga kududdufi. Zai fi kyau sunayen su zauna a teburi daban da shirin, mai ginshiƙai biyar: tsohon suna, sabon suna, launi, nau'in layi da bayani da Hausa. Ta haka safiyon da bai san AutoLISP ba zai iya ƙara layi a Excel. A bar haruffa masu lanƙwasa a ginshiƙin bayani kawai, domin tsarin fayil ɗin zane na DWG bai koma Unicode ba sai 2007, AutoLISP kuwa sai fitowar 2021. Sunan da shirin bai gane ba kada ya yi masa shaci-faɗi: ya bar shi yadda yake, ya rubuta shi a rahoto, mutum ya yanke hukunci.

Shirin ba ya gyara awo. Dutsin-Ma da Kurfi suna cikin shiyya ta 32 ta arewa a tsarin UTM, amma zanen da aka ɗora a kan ma'aunin Minna da wanda aka ɗauko da GPS a kan WGS 84 ba za su hau juna daidai ba, ko da leyoyinsu sun yi tsaf. Ya kamata a rubuta ma'aunin a jikin kowane zane.

5.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa SCR ya wadatar wajen shimfiɗa leyoyin sabon zane, AutoLISP ya fi dacewa da zanen da ya zo daga wani ofis, Python kuma da tarin tsoffin fayiloli. Maƙalar tana ba da shawarar sassan ayyuka da na filaye na ƙananan hukumomin biyu su zauna da safiyoyi masu rajistar hukumar SURCON da injiniyoyi masu rajistar hukumar COREN su fitar da teburi ɗaya, a adana shi a fayil ɗin DWS domin umarnin CHECKSTANDARDS ya riƙa tantance duk zanen da aka kawo. Bincike na gaba zai iya tattara zane daga ofisoshin Dutsin-Ma da Kurfi, ya ƙirga sunaye nawa ake ba abu ɗaya, ya kuma auna lokacin gyara kafin amfani da teburin da bayansa.